Me ke faruwa da oda bayan bot ya ce a saya?

Tambaya: "Ina da bot a MetaTrader 5, an kuma haɗa mini wani da ke ciniki a kasuwar kirifto ta hanyar API (ƙofar da manhaja ke aika oda kai tsaye). A demo duka biyun riba suke nunawa. Da na sa kuɗin gaske sai farashin da nake samu ya saɓa da na kan allo, wata rana oda ta shiga sau biyu, wata rana kuma SL ya rufe nesa da inda na ajiye shi. Yaya waɗannan manhajoji suke aiwatar da oda ne?"

Malam, ka fara riƙe wannan: bot, wato manhajar da ke yi maka ciniki da kanta, ba shi da ikon saye ko sayarwa. Iyakarsa ya aika buƙata ya jira amsa. Daga lokacin da lissafinsa ya ce a saya zuwa lokacin da ciniki ya faɗa, odar tana bi ta hannu uku ko huɗu, kuma kowane hannu yana iya jinkirta ta, ko ya rage ta, ko ya canza mata farashi, ko ya mayar da ita. Matsaloli ukun da ka lissafa duk a wannan tsakanin ake haifarsu. A demo, wato asusun gwaji da ba na kuɗin gaske ba, ba su cika fitowa ba domin babu kowa a ɗaya gefen da zai ba ka kaya. Sabar dillali, wato kwamfutarsa da ke karɓar oda, ita ce kawai take rubuta cewa ka samu, sau da yawa a farashin da ke kan allo.

A kowane lokaci kasuwa farashi biyu gare ta, kamar a kara: akwai tayin mai saye, akwai kuɗin da mai kaya zai sallama. Idan bot zai saya, a farashin sallama yake saye. Idan zai sayar, tayin da ke ƙasa yake karɓa. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce asarar farko da kowane ciniki ke farawa da ita. A MetaTrader, manhajar da bot ɗinka ke gudana a ciki, jadawalin farashin kuɗaɗen ƙasashe tayi yake zanawa, saboda haka cinikin da aka buɗe da sayarwa, wanda sai da saye ake rufe shi, farashin sallama ne ke taɓa SL ɗinsa, wato farashin da aka ajiye don a rufe ciniki a tsayar da asara, kuma wannan farashin ba ya cikin kyandir ɗin jadawali da kake kallo. Mutum zai rantse cewa farashi bai kai wurin ba, kuma gaskiyarsa, tayi bai kai ba. Tazarar ce ta buɗe. Tana buɗewa sosai da ƙarfe 5 na yamma agogon New York, lokacin da bankuna ke rufe lissafin yini, wato 10 ko 11 na dare agogon Najeriya da Nijar gwargwadon canjin agogon Amurka. Tana kuma buɗewa daƙiƙu kaɗan kafin manyan rahotanni, irin rahoton ayyukan yi na Amurka da ke fita galibi Juma'ar farko ta wata da ƙarfe 8:30 na safe a can, 1:30 ko 2:30 na rana a nan. Bot ɗin da ba ya duba faɗin tazara kafin ya shiga, a waɗannan lokuta ake yi masa sakiyar da ba ruwa.

To ga hanyar da oda ke bi. Sabon farashi ya iso, MetaTrader ya tayar da sashen OnTick na bot ɗin, bot ya yi lissafinsa ya yanke hukunci. Kafin ya aika, akwai sharuɗɗan kayan da dole odar ta dace da su: mafi ƙanƙantar lot (ma'aunin girman oda), matakin da lot ke hawa da shi, yawanci 0.01, nisan da dillali ya yarda a ajiye SL daga farashi, kuɗin jingina da ya rage a asusu, da irin cikawar da sabar ke karɓa. Kowanne yana da lambar ƙi tasa. 10014 na nufin girman oda bai dace ba, 10016 SL ko TP (farashin da ake rufe ciniki a ɗauki riba) ya yi kusa da yawa, 10019 kuɗi bai isa ba, 10030 kuma bot ya nemi irin cikawar da wannan dillalin bai yarda da ita ba. Ta ƙarshen nan ce ke sa bot ya yi aiki lafiya a wurin dillali ɗaya, a kai shi wani ya ƙi buɗe ko ciniki guda. A Binance, kasuwar kirifto, haka abin yake da wasu sunaye, LOT_SIZE da PRICE_FILTER, kuma odar da ta saɓa musu takan dawo da -1013. Wani ƙaramin abu da ke jawo wannan: kwamfuta idan ta haɗa 0.1 da 0.2 sai ta ba da 0.30000000000000004, kasuwa kuwa ba ta san wannan adadin ba. Dole a daidaita lambar zuwa matakin kayan kafin a aika, kuma a rage ta ƙasa, kada a ɗaga ta sama.

Idan odar ta wuce wannan, sai maganar wanda zai cika ta. A kasuwa mai littafin oda, kamar ta hannayen jari ko ta kirifto, akwai na'urar haɗa ciniki da ke jera masu jira bisa farashi, sannan bisa wanda ya riga zuwa. Odar kasuwa, wadda ke cewa a saya a duk farashin da aka samu, tana cinye layin ne daga sama. Ɗauki misali: masu sayarwa sun ajiye guda 500 a kan 100.00, guda 300 a kan 100.05, guda 700 a kan 100.20. Allo zai nuna maka 100.00. Bot ya nemi 1,200. Zai kwashi 500 na farko, ya kwashi 300 na biyu, ya ɗebi 400 daga na uku, jimla 120,095, wato kusan 100.08 kowane guda. Babu wanda ya cuce ka a nan. Farashin allo na ɗari biyar ɗin farko ne kawai. Wannan ita ce zamewar farashi ta fuskar girman oda, kuma a ƙananan kuɗaɗen kirifto da littafinsu ba shi da kauri, odar dala dubu kaɗan ma tana iya yin haka.

Oda mai ƙayyadadden farashi tana maganin wannan, sai dai tana da nata ciwon, kuma shi ne gwada bot a kan tsohon farashi ya fi ɓoyewa. Gwaji yakan ɗauka cewa da zarar farashi ya taɓa inda ka ajiye oda an cika maka. A kasuwar gaske layi ne. Idan akwai guda 20,000 a gabanka a kan wannan farashin, aka yi cinikin 5,000 farashi ya juya, ba ka samu komai ba, kuma wannan cinikin da ya kuɓuce shi ne mai riba. Wanda ake cika maka duka shi ne lokacin da farashi ya ratsa ta kanka ya ci gaba da faɗuwa. Masu kyau suna wuce ka, marasa kyau suna samunka. Bot ɗin da ya dogara da irin wannan oda, a sake gwada shi da sharaɗin sai farashi ya wuce odar da mataki ɗaya aƙalla kafin a ƙirga an cika. Da yawa a nan ribarsu ke narkewa.

A kasuwar canjin kuɗi ta ƙananan 'yan kasuwa babu littafi guda na kowa da kowa. Dillalinka ko dai ya riƙe cinikin a wurinsa, ya zama shi ne abokin cinikinka, ko ya miƙa shi ga bankuna da kamfanonin da ke ba shi farashi. Wasu daga cikin waɗannan suna da damar duban ƙarshe: bayan odar ta iso musu suna da 'yan milisakan su duba ko farashin ya motsa, idan bai yi musu ba su ce albarka. Odar sai ta koma wurin na gaba a farashin da ya fi tsada. Al'ada ce sananniya a wannan kasuwa, kuma an taɓa wuce gona da iri a kanta har hukumar kula da harkar kuɗi ta jihar New York ta ci bankin Barclays tarar dala miliyan 150 a watan Nuwamban 2015. A MetaTrader abin yana zuwa maka ta fuska biyu. Idan asusun na cikawa nan take ne, dillali zai dawo maka da sabon farashi da lamba 10004 idan motsin ya wuce iyakar zamewar da bot ya sa. Idan na cikawa a farashin kasuwa ne, wanda shi ne ya fi yawa yanzu, ana cika maka a duk abin da aka samu, kuma galibi ba a kallon iyakar nan da bot ya rubuta. Mutane da dama suna sa ta suna zaton ta kare su.

Nisa ma yana da nasa kason. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato duk kilomita 100 na cin milisakan ɗaya zuwa da dawowa. Sabar dillalai da yawa tana Landan ko New York, a cibiyoyi irin LD4 na kamfanin Equinix da ke Slough da NY4 da ke Secaucus. Saƙo daga arewacin Najeriya sai ya gangara Legas ya bi wayar ƙarƙashin teku, da wuya ya je ya dawo ƙasa da milisakan 100, kuma a kan datar waya lokacin hawa da sauka yake. Daga VPS, wato kwamfutar haya da ke kunne dare da rana, da ke gari ɗaya da sabar, milisakan kaɗan ne. A ganina ana zuzuta wannan fiye da kima. Bot ɗin da ke riƙe ciniki na sa'o'i yana neman pip 60 (pip shi ne ɗan ma'aunin motsin farashin canji), milisakan 150 ba za su yi masa komai ba. Wanda ke farautar pip biyu ko uku ne abin ke kashewa. Amfanin VPS na gaske ga mai zama inda wuta da sabis ke ɗaukewa shi ne bot ɗin ya kasance a kunne. SL da TP da aka aika wa dillali suna zaune a sabarsa, suna aiki ko kwamfutarka ta mutu. SL mai bin farashi na MetaTrader kuwa a kwamfutarka yake gudana, haka ma "ɓoyayyen SL" da wasu masu sayar da bot ke talla da shi. Wuta ta ɗauke, cinikin ya zauna ba mai tsaro.

Yanzu maganar oda ta shiga sau biyu, wadda ita ce ta fi nuna ko wanda ya rubuta bot ya san aikinsa.

Oda tana da matakai, kuma manyan cibiyoyi sun daɗe da tsara su a ƙa'idar FIX, wadda ta faro a 1992 tsakanin Fidelity Investments da Salomon Brothers. Sabuwar oda tana fita da alamar 35=D, rahoton abin da ya same ta yana dawowa da 35=8. A cikin rahoton, gurbi na 39 ne ke faɗin halinta: 0 an karɓa tana jira, 1 an cika wani ɓangare, 2 an cika duka, 4 an soke, 8 an ƙi. Gurbi na 14 yana ƙirga abin da aka cika zuwa yanzu, na 151 abin da ya saura. Ko bot ɗinka bai taɓa jin sunan FIX ba, waɗannan matakan yake bi. MetaTrader 5 ma ya raba abu uku: odar da aka aika, cinikin da ya faɗa, da matsayin da ke buɗe a asusu. Idan OrderSend, umarnin da bot ke aika oda da shi, ya dawo da "gaskiya", abin da ya tabbata shi ne sabar ta karɓi buƙatar. Sai an duba lambar amsa, 10009 ga wadda ta kammala, 10010 ga wadda aka cika wani ɓangarenta.

Akwai hali na shida da babu shi a jerin, shi ne "ban sani ba". Bot ya aika oda, layi ya yanke kafin amsa ta dawo. Ko odar ba ta isa ba, ko ta isa an cika ta amsar ce ta ɓace a hanya, daga wurin bot duka biyun kamanninsu ɗaya. Bot ɗin da aka rubuta da gaggawa zai ce ta faɗi, ya sake aikawa, sai ka wayi gari da ninki biyu. Takardun Binance sun yi gargaɗi a kan wannan ƙarara: idan amsa ta zo da lambar 500 da wani abu, kada a ɗauka odar ta gaza, domin mai yiwuwa ta shiga. Abin da ake yi shi ne bot ya ba kowace oda lambar shaida tasa ta kansa, ya rubuta ta a faifai kafin ya aika. Idan amsa ba ta zo ba, ya tambayi kasuwa halin odar mai wannan lamba, sai an ce babu ita sannan ya sake aikawa. Kada a dogara da cewa kasuwa za ta ƙi lambar da aka maimaita, domin a Binance idan ta farko ta riga ta cika, ana iya karɓar ta biyu da lamba iri ɗaya.

Hanya ta biyu da ake samun ninki ta fi wannan sauƙi. Sharaɗin shiga yana nan daram, farashi kuma yana isowa sau da yawa a daƙiƙa guda. Bot ya aika oda a farashin farko, na biyu ya iso kafin cinikin ya bayyana a jerin abin da ke buɗe, bot ya duba ya ga babu komai, ya ƙara aikawa. Maganinsa bot ya riƙe alamar "akwai oda a hanya" har sai amsa ta zo. Haka nan idan bot biyu suna asusu ɗaya da lambar shaidar bot iri ɗaya, kowanne zai riƙa taɓa cinikin ɗan'uwansa. Soke oda ma buƙata ce: tana iya cin karo da cikawa a hanya, bot ya ɗauka ya soke alhali an cika masa. Shi ya sa duk lokacin da bot ya tashi daga mutuwa, aikinsa na farko ya karanto daga dillali abin da ke buɗe da abin da ke jira, ya gwada da nasa lissafin. Idan sun saɓa, na dillali ne gaskiya.

Kada ka ɗauka ƙananan bot kaɗai wannan ke kamawa. Ranar 1 ga Agustan 2012 kamfanin Knight Capital, ɗaya daga cikin manyan masu hada-hadar hannayen jari a Amurka a lokacin, ya ɗora sabuwar manhaja a kan saba bakwai cikin takwas, aka manta da ɗaya. A wadda aka manta akwai tsohon sashe mai suna Power Peg da aka daina amfani da shi tun 2003, kuma an riga an ɗauke masa ɓangaren da ke ƙirga abin da aka cika. Da aka buɗe kasuwa sai ya dinga fitar da oda ba tare da sanin an riga an cika ba. Oda 212 na abokan ciniki suka haifi ciniki sama da miliyan huɗu a hannayen jari 154 cikin kusan minti 45. Kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 440, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka kuma ta ci shi tarar miliyan 12 a shekarar da ta biyo baya. Wani abin takaici a labarin, ma'aikatan suna neman gyara sai suka cire sabuwar manhajar daga sauran bakwai ɗin, abin ya ƙara muni. Darasin da mai ƙaramin bot zai ɗauka a aikace shi ne iyakoki waɗanda ba ruwansu da dabarar ciniki: mafi yawan oda a minti ɗaya, mafi girman abin da zai iya buɗewa gaba ɗaya, da asarar yini da idan an kai ta bot ya soke duk abin da ke jira ya tsaya cak.

Sai SL da ya rufe nesa. SL ƙararrawa ce: idan farashi ya kai wurin, sai ta saki odar kasuwa, odar kasuwa kuwa ka ga yadda take cin layi. Idan babu mai saye a kusa, za ta gangara har inda ta same shi. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya janye kariyar da ya yi wa farashin 1.20 tsakanin yuro da faran ɗinsa ba tare da sanarwa ba. Cikin mintuna farashin ya faɗo ƙasa da 1.00, bankuna suka janye tayinsu, SL da aka jera ƙasa kaɗan da 1.20 aka cika su da nisan ɗaruruwan pip, wasu fiye da dubu. Abokan cinikin dillalin canji FXCM suka wayi gari ana binsu bashin kusan dala miliyan 225, dillali Alpari na Ingila kuma ya durƙushe washegari. Ƙaramin irin wannan yana faruwa kowane mako: kasuwar canji tana rufewa daren Juma'a ta buɗe daren Lahadi, kuma idan ta buɗe a bayan SL ɗinka, a farashin buɗewa za a rufe maka. Akwai SL mai ƙayyadadden farashi da ke hana a cika maka a mummunan wuri, amma idan farashi ya tsallake shi ba za a cika ba sam, ka ci gaba da riƙe cinikin yana zubar da jini. Ga mai ciniki da bashin dillali, na fi ganin a karɓi mummunar cikawa a fita. Kariyar da ta fi duka ita ce girman oda: a lissafa shi yadda ko SL ya zame ninki uku asusun zai rayu.

Manyan cibiyoyi ba sa jefa babbar oda gaba ɗaya. Suna yanka ta ƙanana, TWAP yana raba ta daidai bisa lokaci, VWAP bisa yadda cinikin yini ke kauri da sirancewa, wani tsarin kuma yana bin wani kaso na cinikin da ke gudana. Shi ma idan ba a sa masa iyakar farashi ba masifa ne. Rahoton hukumomin Amurka kan faɗuwar kasuwar hannayen jari ta 6 ga Mayun 2010 ya nuna wata manhaja da aka ba ta kwantiragin E-mini 75,000 (kwantiragi ne da ke bin farashin hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka), na kimanin dala biliyan 4.1, ta sayar bisa kashi 9 cikin ɗari na cinikin kowane minti, ba ta kallon farashi ko lokaci. Da kasuwa ta rikice ciniki ya yawaita, sai ita ma ta ƙara sauri, ta gama cikin kusan minti 20.

Ga yadda za ka gane ko bot ɗinka zai iya ɗaukar duk wannan. A EUR/USD, lot ɗaya yuro 100,000 ne, pip ɗaya dala 10. A ce gwaji ya nuna kowane ciniki yana kawo pip 3 a matsakaici kafin a cire komai. Cire tazara pip 1. Cire kamasho, a ce dala 7 shiga da fita, pip 0.7 ke nan. Cire zamewar rabin pip a shiga da rabi a fita. Saura 0.3, kuma dare ɗaya da tazara ta buɗe zai share na mako guda. Bot ɗin da matsakaicinsa pip 25 ne, waɗannan kuɗaɗe ɗin dai zai biya ya tsira da sama da 22.

Lambobin gaske kuwa sai ka auna da kanka, domin na kowane dillali daban ne. Ka sa bot ɗin a asusun gaske da lot 0.01, inda pip ɗaya santi 10 ne, ka sa ya riƙa rubuta abu shida a kan kowace oda: lokacin da ya yanke hukunci, tayi da sallama a wannan lokacin, farashin da ya nema, farashin da aka cika masa, milisakan nawa amsa ta ɗauka, da lambar amsar. Bayan ciniki 100 zuwa 200 ka fitar da matsakaicin zamewa, ka raba shi bisa sa'o'in yini, ka kuma raba wadda ta zo maka da riba da wadda ta zo da asara. A kasuwa mai adalci zamewa tana faɗawa ɓangarori biyu, musamman a kan TP. Idan ka ga kullum a kanka take ƙarewa, ko amsa tana jinkiri ne kawai lokacin da farashi ke tafiya inda kake so, ka buɗe asusu a wurin wani dillali ka kunna bot ɗin a wurare biyun lokaci guda ka gwada. Matsakaicin da ka samu ka mayar da shi cikin gwajin tsohon farashi a matsayin kuɗin kowane ciniki, tare da tazara mai canzawa maimakon tsayayya, sannan ka sake duba ko akwai sauran riba kafin ka ƙara girman lot.